Tsarin mulki ya yi alƙawarin ilimi kyauta: me ya sa kotu ke cewa ba ta da hurumi?

Tambaya: Malam, na karanta a kundin tsarin mulkin Najeriya cewa tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati, kuma za ta samar da ilimi kyauta da asibiti da matsuguni. To ga makarantar firamaren garinmu rufinta ya yaye, kuma kowane zango sai an karɓi kuɗi a hannun yara. Da muka yi maganar kai ƙara sai wani lauya ya ce kotu ba za ta saurare mu ba. Ashe rubutun duk romon baka ne?

Amsa: Lauyan da ya faɗa maka haka bai yi ƙarya ba, amma rabin maganar ya ba ka. In kuka shiga kotu da hujjar wannan alƙawari shi kaɗai, za a kori ƙarar tun kafin a kai ga batun rufin makaranta. In kuma kuka shiga da dokar da majalisa ta yi domin cika alƙawarin, alƙali zai saurare ku. Bambancin nan shi ne gaba ɗayan maganar, kuma sai an fahimci yadda aka tsara kundin kafin a gane shi.

Abin da ka karanta yana cikin babi na biyu na kundin 1999, daga sashe na 13 zuwa na 24. Babin ya ƙunshi manyan manufofin ƙasa da ƙa'idojin da ake so gwamnati ta bi wajen tsara ayyukanta. Sashe na 14 ya ce Najeriya ƙasa ce da aka gina kan dimokuraɗiyya da adalci tsakanin al'umma, mulki na jama'a ne kuma daga gare su gwamnati ke samun ikonta, sannan tsaro da walwalarsu su ne farkon abin da aka kafa gwamnati dominsa. A nan ne kuma aka kawo tsarin raba daidai a muƙamai. Sashe na 15 na siyasa ne, kuma ƙaramin sashe na 5 a cikinsa ya ɗora wa gwamnati kawar da cin hanci da amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba. Na 16 tattalin arziki ne: kada dukiya ta taru a hannun mutane ƙalilan, a samar da matsuguni da abinci da mafi ƙarancin albashin da zai riƙe mutum da fansho. Na 17 ya taɓo lafiya da yanayin aiki da kare yara da tsofaffi. Na 18 shi ne na ilimi. Sauran sun shafi hulɗa da ƙasashen waje da muhalli da al'adu da aikin 'yan jarida da ɗabi'un ƙasa da nauyin da ke kan ɗan ƙasa.

Ka lura da lafazin sashe na 18. Bai ce kowane yaro yana da haƙƙin ilimi kyauta ba. Cewa ya yi gwamnati za ta yi ƙoƙarin kawar da jahilci, kuma za ta samar da ilimin firamare kyauta kuma dole, da na sakandare da na jami'a da na yaƙi da jahilci kyauta, a lokacin da hali ya yi. Wa zai ce hali ya yi? Gwamnatin da kanta. Kwatanta wannan da babi na huɗu, inda sashe na 33 ya ce kai tsaye kowane mutum yana da haƙƙin rayuwa, sashe na 46 kuma ya ce duk wanda aka tauye masa ɗaya daga haƙƙoƙin babin, ko ake shirin tauyewa, ya tafi babbar kotu. Babi na biyu ba shi da irin wannan sashe.

Ba ma nan gizo ke saƙar ba. Sashe na 13 ya wajabta wa dukkan ɓangarorin gwamnati, har da alƙalai, su bi babi na biyu su yi aiki da shi. Amma sashe na 6(6)(c) ya ce ikon kotu bai kai ga bincikar ko wani aiki na hukuma, ko ƙin yin wani aiki, ko wata doka, ko wani hukunci ya dace da babi na biyu ba, sai dai inda kundin da kansa ya tanadi akasin haka. Shi ya sa lauyan gwamnati ba ya wahalar da kansa da musanta cewa rufin ya yaye. Takarda ɗaya yake shigarwa tun da farko, ya ce kotu ba ta da hurumi, ya karanto wannan sashe, ya zauna. Alƙali kuma dole ne ya fara warware batun hurumi, domin duk hukuncin da aka yanke ba da hurumi ba, banza ne komai kyansa.

Ba mantuwa aka yi ba, da gangan aka tsara haka. Babin ya fara shigowa ne a kundin 1979, wanda kwamitin da Janar Murtala Muhammad ya ƙaddamar a 1975 ya rubuta daftarinsa, ƙarƙashin jagorancin Cif Rotimi Williams. An ɗauko tsarin daga kundin Indiya na 1950, wanda shi ma ya ce kotu ba za ta tilasta bin waɗannan manufofi ba, Indiya kuma ta ɗauko daga kundin Ayaland na 1937. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce rabon kuɗin ƙasa aikin zaɓaɓɓu ne. In alƙali zai iya umartar a gina asibiti a kowace gunduma, to shi ya zama mai rubuta kasafin kuɗi, alhali ba wanda ya zaɓe shi kuma bai san abin da ke baitulmali ba. Akwai gaskiya a cikin wannan. Sai dai tun a lokacin ba kowa ya gamsu da daftarin ba: Dokta Yusufu Bala Usman da Dokta Segun Osoba sun ƙi bin rinjayen kwamitin, suka rubuta nasu rahoton da nasu daftarin daban.

Shari'ar da ta fara fayyace lamarin ita ce ta Akbishop Okogie da gwamnatin jihar Legas, wadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke a 1981. Gwamnatin Lateef Jakande ta so rufe makarantun firamare masu zaman kansu, tana kafa hujja da manufar ba kowa ilimi daidai wa daida. Kotu ta ce babi na biyu ba abin da za a kawo gabanta ba ne, kuma masu hukunta gwamnatin da ta saɓa masa su ne majalisa da masu zaɓe. Amma ta ƙara da wani abu mai amfani: gwamnati ba za ta fake da babi na biyu ta take haƙƙin da aka lamunce wa mutum a babin haƙƙoƙi ba. Masu makarantun suka yi nasara.

Yanzu ga inda mafita take. Togaciyar nan ta sashe na 6(6)(c), wato sai inda kundin ya tanadi akasin haka, ita ce lauyoyi suka yi ta faɗaɗawa.

Wasu sassan kundin da kansu sun ɗauko abu daga babi na biyu sun mai da shi umarni. Sashe na 147(3) ya wajabta wa shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya ɗan asalin kowace jiha, bisa tsarin raba daidai na sashe na 14(3). Sashe na 153 ya sa Hukumar Raba Daidai cikin hukumomin da kundin ya kafa. Waɗannan suna wajen babi na biyu, saboda haka togaciyar ta shafe su.

Hanya mafi faɗi ita ce ta dokar majalisa. A jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, abu na 60(a) ya ba ta ikon kafa hukumomin da za su tabbatar da bin babi na biyu. Da aka yi dokar da ta kafa hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2000, jihar Ondo ta garzaya Kotun Ƙoli tana cewa tarayya ba ta da ikon yin dokar cin hanci da za ta hau kan jihohi. A 2002 kotun ta tabbatar da dokar, in ban da wasu 'yan sassa da ta soke, tana dogaro da sashe na 15(5) haɗe da abu na 60(a). Ma'anar hukuncin ita ce duk manufar da majalisa ta zuba cikin doka ta tashi daga buri ta zama wajibi, kuma kotu za ta yi aiki da ita kamar kowace doka. Daga nan ba babi na biyu kake ƙara a kai ba, dokar kake ƙara a kai.

Batun makarantarku ya faɗo daidai nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta ce a sashe na 2 kowace gwamnati a Najeriya za ta samar da ilimi kyauta kuma dole ga kowane yaron da ya kai shekarun firamare da ƙaramar sakandare, wato shekara tara na karatu. Ba ta ce sai hali ya yi ba. Sashe na 3 ya haramta karɓar kuɗi a makarantun gwamnati na wannan mataki, ya tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku ko duka biyun ga wanda ya karɓa. Iyaye ma ba su tsira ba, domin wanda ya ƙi sa ɗansa makaranta za a fara da yi masa gargaɗi, in ya maimaita sai tara ko ɗauri. A 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan adam ta LEDAP ta shigar kan Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, ta yanke cewa wannan doka ta mai da ilimin firamare da na ƙaramar sakandare haƙƙin da ake iya nema a kotu. Amma ka kula, hukuncin bai kai ga babbar sakandare da jami'a ba, domin dokar ba ta kai can ba. Wanda ya kai ƙarar ƙarin kuɗin jami'a yana kafa hujja da sashe na 18, sashe na 6(6)(c) ne zai tare shi.

Kuɗin ma dokar ta 2004 ta faɗi inda za su fito. Gwamnatin tarayya za ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗaɗen shigarta domin wannan ilimi, amma jiha ba za ta ɗauki kasonta na ayyuka ba sai ta ajiye nata rabin. Jihohi da yawa sukan bar kasonsu ya yi shekaru a hannun UBEC saboda ba su ajiye nasu ba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Sau da yawa rufin da ya yaye daga nan matsalarsa take, kuma wannan abu ne da ake iya tabbatarwa da takarda.

Haka abin yake a wasu fannonin. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na wannan asusu domin kiwon lafiya a matakin farko, sashe na 20 kuma ya hana kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin duba wanda ke cikin halin gaggawa kowane irin dalili ne, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ko duka biyun. Mafi ƙarancin albashi da sashe na 16 ya ambata a dunƙule, doka ce ta sa masa adadi, naira 30,000 a 2019, naira 70,000 a 2024, kuma Kotun Ma'aikata ake kai ƙararsa.

Hanya ta uku ita ce Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Najeriya ta mai da ita dokar cikin gida a 1983. Sashe na 16 nata ya ba da haƙƙin lafiya, na 17 haƙƙin ilimi, na 24 haƙƙin muhalli mai kyau, kuma ba su da togaciyar hali. A shari'ar Abacha da Fawehinmi ta 2000, Kotun Ƙoli ta ce kotunan Najeriya za su yi aiki da yarjejeniyar, amma tana ƙarƙashin kundin tsarin mulki. Wannan ya sa wasu alƙalan cikin gida ke ɗari-ɗari da ita in abin da ake nema ya yi kama da na babi na biyu. Kotun ECOWAS da ke Abuja ba ta da wannan damuwa. A ƙarar da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan adam ta SERAP ta shigar kan gwamnatin Najeriya da UBEC, gwamnati ta kawo hujjar babi na biyu, kotun ta yi watsi da ita a 2009, ta ce yarjejeniyar take fassarawa ba kundin Najeriya ba, sannan a 2010 ta tabbatar da haƙƙin kowane yaro na samun ilimin farko kyauta. Ba sai ka gama da kotunan gida kafin ka je can ba. Illarta ita ce ba ta da yadda za ta tilasta wa gwamnati, kuma an sha yin biris da hukuncinta.

Akwai kuma dabarar rataya buƙatar a jikin babi na huɗu. A 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke cewa ƙona iskar gas a garin Iwherekan na jihar Delta ya saɓa wa haƙƙin rayuwa da na mutunci. Alƙalan Indiya sun yi nisa a wannan hanya: a 1993 Kotun Ƙolinsu ta ce ilimin yaro har shekara 14 yana cikin haƙƙin rayuwa, daga baya a 2002 aka rubuta shi ƙarara a kundinsu. Namu alƙalan ba su kai can ba, kuma a ganina kada ku gina ƙararku a kan wannan ita kaɗai. Tana da ƙarfi ne in akwai hatsari na zahiri, misali bangon aji da ya tsage yana shirin faɗo wa yara, ko in akwai nuna bambanci da sashe na 42 ya hana.

To a aikace, ga yadda ake bi. Ku fara da hujja tun kafin lauya. Rasit na kuɗin da aka karɓa, ko takardar da aka aiko wa iyaye da ita, ko in ba a bayar da rasit, iyaye uku ko huɗu da za su yi rantsuwa a rubuce kan nawa aka karɓa, yaushe, da sunan me. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin amsar da aka saba bayarwa ita ce ba kuɗin makaranta ba ne, gudummawar ƙungiyar iyaye da malamai ce. In ana korar yaron da bai biya ba, ko ana hana shi jarrabawa, to ba gudummawa ba ce, kuma shaidar korar ita ce za ta rusa wannan amsa. Ku ɗauki hotunan azuzuwan da kwanan wata, ku samo yawan ɗaliban.

Sannan ku rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma da shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, ku faɗi abin da kuke nema da wa'adin da kuka bayar. Ku je da kwafi biyu, a buga wa naku hatimin karɓa da kwanan wata da sa hannu. Wasiƙar da ba ta da hatimi, a kotu kamar ba a aika ta ba ne. Dalilin wannan mataki shi ne kotu ba ta ba da umarnin tilasta wa jami'i yin aikinsa sai an nuna an nema ya ƙi. A lokaci guda ku aika wa UBEC buƙata ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ku tambayi nawa aka ware wa jiharku a shekarun baya, nawa ta ɗauka, kuma ko makarantarku na cikin jerin ayyukan da aka amince da su. Dokar ta ba su kwana 7 su amsa. Wani lokaci amsar kan nuna an riga an ba da kwangilar rufin har an biya, in haka ne kuwa maganar ta koma ta ICPC.

In aka kai ga kotu, abubuwa huɗu ne suka fi kashe irin wannan ƙara, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ya shafi gaskiyar kokenku. Na farko lafazin buƙata. Wanda ya rubuta yana neman kotu ta bayyana cewa gwamnati ta saɓa wa sashe na 18 na kundin, ya miƙa wa lauyan gwamnati abin da yake jira. A rubuta cewa an saɓa wa sashe na 2 da na 3 na dokar 2004, da dokar jiha da ta kafa SUBEB, da sashe na 17 na Yarjejeniyar Afirka. Kada a bar dokar jihar a baya, domin makarantun firamare a hannun jihohi da ƙananan hukumomi suke, kuma lauyan jiha zai iya cewa dokar tarayya tallafi kawai ta tsara. Na biyu kuskuren kotu: hukumar tarayya Babbar Kotun Tarayya ake kai ta, ta jiha kuma babbar kotun jiha. Na uku sanarwa, domin dokokin hukumomi da yawa sun ce sai an ba su sanarwar niyyar ƙara, galibi ta wata ɗaya. Na huɗu lokaci: dokar kare jami'an gwamnati ta ba da wata uku kacal daga faruwar abu, sai dai in cutarwar mai ci gaba ce. Ƙarar da aka shigar ƙarƙashin ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan adam na 2009 ta tsira daga wannan wa'adi, kuma ƙa'idojin sun yarda ƙungiya ta shigar da ƙara a madadin wasu, amma sai in ainihin buƙatar ta haƙƙin ɗan adam ce, ba an lulluɓa mata sunan ba.

Ku kuma nemi abin da za a iya aunawa. Umarnin a daina karɓar kuɗi a makaranta kaza, a mayar da wanda aka karɓa, a gyara azuzuwa kaza cikin wata kaza, ya fi umarnin a inganta ilimi a jiha, wanda ba wanda zai iya cewa an bi ko ba a bi ba. Diyyar kuɗi kuwa tana da nata ƙaya, domin sashe na 84 na dokar zartar da hukuncin kotu ya ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati sai da izinin Antoni Janar, wato lauyan wanda kuka kayar.

Maganar kotun 1981 cewa majalisa da masu zaɓe ne alƙalan babi na biyu, ita ma tana da kayan aikinta a kundin, ko da yake an bar su sun yi tsatsa. Shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisa duk suna rantsuwa cewa za su kiyaye manufofin babin. Sashe na 224 ya ce manufofin kowace jam'iyya su dace da shi. Sashe na 128 ya ba majalisar jiha ikon binciken yadda aka kashe kuɗin da ta ware, saboda haka koke a rubuce zuwa kwamitin ilimi na majalisar, ta hannun ɗan majalisarku, ba ya cin ko sisi kuma yakan fi kotu sauri. Kiranye ma yana nan a sashe na 69 da na 110, amma yana buƙatar sa hannun fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓar kafin a je ƙuri'ar raba gardama, abin da ya sa da wuya a kai ƙarshensa. Gana ta ɗan fi mu a nan, domin kundinta na 1992 ya wajabta wa shugaban ƙasa ya kai wa majalisa rahoto aƙalla sau ɗaya a shekara kan abin da ya yi don cika irin waɗannan manufofi.

Gyara kundin kansa hanya biyu gare shi, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Sassauta sashe na 6(6)(c) yana buƙatar kashi biyu bisa uku na kowace majalisa, wato sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, sannan majalisun jihohi 24 cikin 36 su amince. Shigar da sabon haƙƙi cikin babi na huɗu kuwa sai an samu kashi huɗu bisa biyar, sanatoci 88 da wakilai 288, tare da jihohin nan 24. An kusa kaiwa a 2015, lokacin da majalisa ta amince da gyaran da ya ƙunshi haƙƙin ilimin farko kyauta da na kula da lafiya a matakin farko da ta mata masu juna biyu, amma Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙi sa hannu, kuma cikin dalilan da ya bayar har da cewa ba a nuna an cika sharaɗin kashi huɗu bisa biyar ba.